Alhamdulillahi, an sallamo mu da Auta

Mun dawo gida. Auta yana cin abinci, yana wasa, muryar ce dai har yanzu a dishe. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku gafarce ni, gajiya ce.

Daren nan ba ya fita raina. Tari kamar haushin kare, in ya ja numfashi sai ƙara, ƙirjinsa na lotsawa. Ni mashaƙo kawai nake tunani, don tun ɓarnar da ta yi a Kano a 2023 babu uwar da ba ta tsoronta. Likita ya karɓi katin rigakafi, ya ga Penta, allurar da ke kare yara daga mashaƙo, uku cif, da numfashin ya lafa ya duba wuyan. Ya ce ƙwayar cuta irin ta mura ce ta kumbura maƙogwaro daidai inda murya ke fitowa, ga hanyar iskar ɗan shekara 2 ƙarama ce, kumburi kaɗan ke toshe ta. Maganin rage kumburi, dexamethasone, aka ba shi, da adrenaline ta abin shaƙa, da oksijin.

Sistar da ke aikin dare, ban ma tambayi sunanki ba. Kin same ni ina kuka kika ce, "Maman yaro, kar ki kwantar da shi, rungume shi a zaune. In kin yi kuka shi ma zai yi, kukan kuma ƙara shaƙe shi yake." Kika riƙe masa abin shaƙar da hannunki har jikina ya daina rawa. Allah Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya miki zuri'a, Ya kai ki Makka.

Maƙwabcinmu mai adaidaita ya fito ƙarfe 2 na dare, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Abokiyar zamana ta ce kar in ambace ta, amma ita ta riƙe sauran yaran, ita ke aiko kunu kullum. Yaya, ban da bakin gode miki. Hajiya kuwa ita ta taka wa masu cewa a kira wanzami a cire belu burki.

'Yan'uwan da gari ɗaya muke amma sai "ya jiki" a WhatsApp, mun gani, Allah Ya bar zumunci.

Mun baro yara da dama a kwance a ɗakin nan. Don Allah ku sa su a addu'a, Allah Ya tashi kafaɗunsu, Ya hore wa iyayensu kuɗin magani.