Godiya bayan akori-kurarmu ta rabu da turi

Alhamdulillahi. Hilux ɗin gidanmu ta warke, yanzu murɗi ɗaya take tashi, ko da sanyin asuba ko bayan doguwar tafiya. Waɗanda suka biyo mu sun san yadda aka sha, yau ta tashi gobe ta ƙi, ba sai na maimaita ba.

Godiya ta farko ga Oga riwaya, mai gyaran wutar mota na bayan tasha. Ya ce kada a ambace shi, to suna kawai na ɓoye. Shi ya hana mu turi. Motar giyar hannu turi ke rufa wa ciwonta asiri: a sa giya ta biyu, a tura, a saki kuloci, ta kama, kowa ya manta. Alhali irin wannan ciwo ba ya nuna kansa sai a daidai lokacin da motar ta ƙi.

Da kunne ya fara. In an murɗa makulli aka ji shiru, a duba fis, da rile, wato makunnin da ke tura wuta zuwa kik (na'urar da ke juya injin ya tashi), da makullin kansa, da ɗan makunnin da ke jikin kuloci a motocin da aka yi da shi. In ƙas-ƙas-ƙas ne da sauri, batir ya yi sanyi ko kansa ya yi tsatsa ko ya kwance. In injin yana juyawa bai kama ba, a bar kik ya huta, a nemi iska a layin mai. Tamu ƙas ɗaya take yi mai ƙarfi, sai tsit.

Sannan ya ɗauko mita. Batir a zaune ya ba da volt 12.6, lafiyayye. Da injin yana aiki altaneta na ba da wajen 14. Ya kunna fitilun gaba aka murɗa, ba su dushe ba, alamar wutar ba ta ma shiga kik ɗin ba. Ya auna asarar wuta tsakanin kan batir da babbar ƙusar kik, wadda bai kamata ta wuce rabin volt ba, ya auna wayar at, wato ta negatif, da ke ɗaure a jikin injin, duk ƙalau. Sai da ya zauna jira har ta sake ƙi, ya tarar da volt 12 a ƙaramar wayar kik da ke zuwa daga makulli, 12 a ƙusar da ke zuwa daga batir, amma ƙusar da ke shiga cikin kik kusan babu komai.

Ya cire kan batir na at tukuna, ya sauke kik, ya buɗe murfin solinoyid, wato makunnin da ke jikin kik ɗin. Akwai jan ƙarfe biyu masu lanƙwasa da wani faifai da ke dukansu ya haɗa wuta. Na ɓangaren batir ya cinye ya yi rami, faifan ya ƙone baƙi. Faifan yana ɗan juyawa duk tashi, in ya sauka wuri mai kyau ta kama, in ya sauka a ƙonannen wuri ta ƙi. Gogewa da sanfefa ɗan kwana biyu take yi. Ya canza dukansu, ya tabbatar biyun sun zauna daidai da juna kafin ya ɗaure, don in ɗaya ya karkace ciwon zai dawo. Allah ya yi wa hannunsa albarka, ya ƙara masa kasuwa ta halal.

Ba zan manta da Baba mai shayi na hanyar Funtuwa ba. Bayan magariba ta ƙi tashi, Hajiya na gaba daga asibiti, motoci sun fara ɗaukewa daga titi. Ya bar tukunyarsa a kan wuta, ya kira yara, shi ma ya sa kafaɗa da tsufansa. Na miƙa masa ɗan abu, ya ce, "Ɗana, maza ka kai ta gida." Allah ya biya shi da gidan Aljanna, ya shirya masa zuri'a, ya jiƙan iyayensa, ya tsare yaran nan duk inda suke.

'Yan'uwa masu motoci da muka kira a daren nan wayarsu ta yi ta ringin, mun san hidima ta yi yawa, Allah ya bar zumunci. Kawu da ya ba mu aron batir, ga shi nan za a kawo maka gobe in sha Allahu, namu ma ashe lafiyarsa ƙalau.