Kahraman ba dutse ba ne

Sana'ata shirya kayan ado: jigida, abin wuya, abin hannu na amare. Daga ƙauyenmu nake kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A duk abin da ke bi ta hannuna, babu wanda ake cutar mutane a kansa kamar kahraman, wannan mai ruwan zuma da ake yin carbi da abin hannu da shi.

Asalinsa ƙaro ne. Ba irin na dakwara da ke narkewa a ruwa ba, ya fi kusa da na hano da muke turare da shi. Ya tsattsafo daga jikin itatuwa, ƙasa ta binne shi, ya ƙame. Na gaɓar tekun Baltik da ke arewacin Turai ya kai kimanin shekara miliyan 40. Mafi yawansa a yankin Kaliningrad na Rasha ake haƙo shi, masu gyara shi kuma sun yi suna a birnin Gdansk na Poland. Wata ƙwayar idan kika ɗaga ta a rana sai ki ga tururuwa a ciki, ƙafafunta cif, ko ɗaya bai karye ba. Ikon Allah ke nan.

Na gaske ba shi da nauyi, kuma ba ya sanyi a fata yadda tsakiya ko gilashi ke yi da asuba. Ki dama gishiri sosai a kofin ruwa ki jefa ƙwaya ɗaya: kahraman zai taso, gilashi ya nutse. Sai dai akwai robar da ita ma ke tasowa, shi ya sa na fi yarda da allura. A gasa bakinta, a taɓa cikin hudar da zare ke bi. Ƙamshin ƙaro zai fito in na gaske ne, roba kuwa sai ƙauri mai hawa kai.

Manyan duwatsun nan rawaya da ake gado wurin kakanni, da yawansu Bakelite ne, robar da aka ƙirƙiro a 1907, aka yi ta shigo da ita daga Turai. Ban raina su ba ko kaɗan, suna da kyau da tarihi. Abin da ba na so shi ne a sayar wa amarya su da sunan kahraman.

Mai na gaske ta lallaɓa shi, don yana da taushi. Kada a haɗa shi gwangwani ɗaya da sarƙa, za ta kankare shi. A cire shi kafin a fesa turare ko a tsuguna kan kasko.

Uwaye kan tambaye ni abin wuyan kahraman na jarirai, wai yana rage zafin fitar haƙori. Ba na shirya shi. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa, saboda zaren kan shaƙe yaro, ƙwayar kuma kan tsinke ya haɗiye.