Kama mafarauci daban, tabbatar da laifinsa a kotu daban

Abin da aiki da masu gadin dajin Yankari ya koya min shi ne kamu ba shi ne wahalar ba, duk da dai shi ma ba wasa ba ne, daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244 kuma yawancin sintirin a ƙafa ake yi. Wahalar tana farawa ne bayan an sa wa mutum ankwa.

Mafarauci in ya harbi gwanki ko ɓauna ba ya fitowa da shi ɗanye, a can cikin daji yake yin banda, ya yar da fata da ƙaho. To ka kai wannan baƙin naman gaban alƙali, lauya ya miƙe ya ce ranka ya daɗe ina shaidar ba naman shanu ba ne? Wallahi in ba ku tsinto kofato ko guntun fata a sansaninsa ba, ba ku ɗau hoto a wurin da GPS, na'urar gano wuri, ya nuna cikin iyakar dajin aka yi kamun ba, sai kes ɗin ya ruguje kana kallo. Shi ya sa ogammu kullum maganarsa ɗaya, kar a taɓa komai sai an ɗau hoto, bindigar ƙirar gida da tarkon waya da toka mai ɗumi a murhu duk a rubuta, da sunan wanda ya ɗauka da wanda ya karɓa. Ga tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin awa 24 ko 48, kai kuwa kana can bakin kogin Gaji da ke cikin dajin, ko sabis babu.

Doka kam akwai, ta dabbobin daji ta Arewa tun 1963 take, ga ta tarayya ta 1985 da aka ƙara wa tara a 2016. Samun mai shaida ne aiki. Wanda ya tsegunta maka ɗan ƙauyensu ne, wataƙila ma surukinsa, ba zai taɓa tsayawa a kotu ba kuma ni ban ga laifinsa ba, don kai za ka koma Bauchi shi kuwa gobe masallaci ɗaya za su yi asuba. Manomin da giwaye suka tattake masa gero a dare ɗaya kuwa, ka je masa da tambayar wa ya shiga daji, sai ya ce ka fara zuwa ka ga gonarsa tukun.