Abin da Ganyen Ketum Ya Koya Mini

Lokacin da na tafi karatun haɗa magunguna a arewacin Malesiya, na tafi da wani tunani da na taso da shi tun daga gida: wai ganye in bai yi maka magani ba, to ba zai cuce ka ba. Ganyen kratom ne ya raba ni da wannan tunanin. A can ketum suke ce masa.

Bishiya ce doguwa, dangi ɗaya da ta kofi, tana fitowa a Tailan da Malesiya da Indonesiya. A jihar Kedah na fara ganin ruwan dafaffen ganyen, a ƙulle cikin leda kamar yadda muke ƙulla zoɓo. Wani dattijo mai aikin tatsar roba ya ce mini da shi yake jure aiki tun asuba. Na lura kumatunsa sun yi duhu, ga rama. Na ce, "Baba, in ka kwana biyu ba ka sha ba fa?" Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce gaɓoɓi su yi ta ciwo, hanci ya yi ta zuba, barci ya ƙaurace, rai ya yi ta ɓaci ba dalili. Abin da littafinmu ya lissafa game da wanda ya daina shan kodin ke nan, tiryan-tiryan.

Dalili kuwa a fili yake. Sinadaran ganyen, mitragynine da 7-hydroxymitragynine, suna kama gurbin da mofin da tiramol ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Kaɗan ya sa kuzari, da yawa ya kawo kasala da gyangyaɗi. Akwai bushewar ciki, akwai waɗanda hantarsu ta taɓu har idonsu ya yi rawaya, akwai masu jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne jariri, da ake haifa yana karkarwa da kuka saboda uwar ta sha lokacin goyon ciki.

Ban raina masu sha ba. Wasunsu da shi suke ƙoƙarin rabuwa da hiroyin, kuma Tailan da ta haramta shi a 1943 ta cire shi daga jerin miyagun ƙwayoyi a 2021. Amma ganyen da manomi ke taunawa daban, garin da ake sayarwa ta intanet daban. A 2018 irin wannan garin ya sa wa mutum 199 ƙwayar cutar salmonela a jihohi 41 na Amurka. A Suwidin mutum tara suka rasu bayan shan wani haɗi mai suna Krypton, ashe an cakuɗa masa sinadarin dangin tiramol. A kudancin Tailan kuma matasa na haɗa ruwansa da maganin tari da lemon kwalba. Da na ji wannan, unguwarmu na tuna, da kwalaben kodin a bakin kwata.

Yanzu duk wanda ya miƙo mini takardar likita, kafin in ɗauko magani sai na ce, "Banda wannan, akwai wani jiƙo ko gari da ake sha?" Sau da yawa sai a ɗan yi shiru, sannan a ce akwai.