Famfon Da Ke Jan Mutane: Yadda Muka Sake Atin Ɗin Wani Gida A Kano

Cikin watan Maris aka kira ni wani gida mai ɗaki huɗu a bayan garin Kano, wai famfon banɗaki yana jan mutane idan an kunna hita. Matan gidan har sun saba naɗa tsumma a hannu kafin su murɗa kan famfon. Da na sa mita tsakanin famfon da jiƙaƙƙen daɓe sai ta nuna bolt 90 da ɗoriya, ina kashe birekar hitar, wato makunnin da ke yanke mata wuta, ta koma sifiri. Elemen ɗin da ke dumama ruwan ne ya tsage, wuta na zuba a jikin tankin. Canza shi aikin rabin awa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an yi makonni a haka, ba abin da ya yanke wutar.

Muka buɗe dibi, akwatin da ke rarraba wuta zuwa layukan gidan. Koren wayoyi, wato na atin masu kai wutar da ta zube zuwa cikin ƙasa, uku ne kacal a ciki, an murɗe su wuri ɗaya an naɗe da tef. Kwanduwit ɗin, wato bututun waya, da ya tafi hita waya biyu ke ciki, layif da nutural, an yi tsimin ta ukun. Muka bi wayar atin ɗin zuwa waje muka tona. Sandar atin da aka buga a ƙasa ba ta kai ƙafa uku ba, kuma da na goga mata fayil sai ga baƙin ƙarfe, jan ƙarfen shafe ne kawai. Gishirin da aka zuba a ramin ya cinye ta har yarona ya lanƙwasa ta da hannu, wayar ma ɗaura ta aka yi babu kilam, ƙarfen da ke matse waya a jikin sanda.

Gishiri da gawayi ba ƙarya ba ne, suna sauke awo a makon farko. Sai dai damina biyu ta isa ta wanke gishirin, kafin nan kuwa ya gama cin sandar da kan wayar. Ni na fi son in ƙara zurfi, in ƙasar ta yi tsauri ƙwarai in cika ramin da yumɓun bentonait, wanda ke riƙe laima ba ya cin ƙarfe.

Mun zaɓi wuri kusa da magudanar wanke-wanke, inda ƙasa ba ta bushewa ƙayau. Sandunan masu kaurin milimita 16 ne, tsawon mita 1.2, ƙarfe a ciki da jan ƙarfe mai kauri a waje. Wajen awo, an kashe wutar gidan an cire wayar daga sandar, sannan aka kafa turakun na'urar awon atin guda biyu a layi ɗaya: na nesa a mita 25, na tsakiya a kashi 62 cikin ɗari na wannan tazara, wajen mita 15 da rabi. Ana matsar da na tsakiyar gaba da baya kamar mita biyu, in awon bai sauya sosai ba to ya tabbata. Sanda ɗaya ta ba mu om 140; om shi ne ma'aunin yadda ƙasa ke tare wuta, ƙaramar lamba ta fi kyau. Muka haɗa mata ta biyu da mahaɗi muka buga har mita 2.4, ta sauko 80. Muka buga wata mai wannan tsawon a nesa da mita biyar muka haɗe su, awo ya tsaya a 45. In ka jera sanduna kusa da kusa ka yi asarar kuɗi, don ƙasa ɗaya suke rabawa. A bar aƙalla tsawon sandar a tsakani, ninki biyu ya fi.

Daga sandunan zuwa dibi mun ja waya mai riga ta 16mm² cikin bututu, kilam na tagulla a kowace sanda, da ɗan rami mai murfi don a riƙa dubawa.

Mai gidan ya ga lambar ta sauko, ya ce, "To Injiniya, an gama ke nan?" Na ce, "Alhaji, yanzu aka fara." A nan ne masu wayarin da yawa ke tattara kayansu, alhali lissafin ba ya goyon bayansu. A yawancin gidajenmu layif da nutural kawai ke shigowa daga fal-waya, atin ɗin naka ne kai kaɗai. In layif ya taɓa jikin hita, wutar za ta bi sanda ta ratsa ƙasa ta koma taransifoma. Raba bolt 230 da om 45, ampiya 5 ke nan da 'yan kai. Birekar hitar ta ampiya 20 ce nau'in B, tana bukatar har ninki biyar, wato ampiya 100, kafin a tabbata za ta faɗi nan take. Ampiya 5 ko a jikinta. Jikin hitar zai zauna da kusan cikakken bolt ɗinsa, sandar na shan wuta a waje, mita na ci. Shi kuwa ɗan adam, daga miliampiya 10 (miliampiya dubu ne ampiya ɗaya) hannunsa ke fara ƙin sakin ƙarfe, in ta haura 50 ta ratsa ƙirji tana iya hargitsa bugun zuciya.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne RCD, wadda 'yan kasuwa ke kira ELCB. Tana gwada wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, in bambancin ya kai miliampiya 30 ta yanke. Mun sa biyu, aka raba layukan gidan, don kada matsalar kicin ta jefa kowa cikin duhu.

Muna ɗaga ta farko ta faɗi. Muka sake, ta sake faɗuwa. Sai da muka cire nutural ɗin layuka ɗaya bayan ɗaya muka gano soket ɗin bayan firij: wani ya ɗinke nutural da atin da guntuwar waya don testa ta nuna akwai atin. Wannan dabara ce ta fi ba ni tsoro a duk sana'ar nan. Ranar da nutural ya katse a fal-waya, jikin firij ɗin da duk abin da ke kan layin zai ɗauki wuta. Muka cire ta, muka zura koriyar waya a kowane kwanduwit, 2.5mm² ga soket, 1.5mm² ga fitilu da fanka. Wannan ya ci mana kwana biyu.

Saura ɗaure ƙarafa. Manufarsa ita ce duk ƙarfe biyu da mutum zai iya dafawa lokaci guda su zama a bolt ɗaya, ta yadda ko matsala ta faru ba bambancin da zai bi ta jikinsa. Mun kafa faifan jan ƙarfe ɗaya a gefen dibi, komai ya dawo kansa: fayif ɗin ƙarfe da ya sauko daga tanki, hasumiyar tankin, da firem ɗin farantan sola, duk da waya 10mm². Jikin janareto da injin bohol ma an haɗe su a nan. A banɗaki muka gama fayif ɗin ruwan zafi da na sanyi da jikin hita da 4mm². Duk inda za a ɗaura kilam sai an kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi ƙyalli. Ɓangaren da aka yi da fayif ɗin roba ba mu taɓa shi ba, babu abin ɗaurewa a roba. Tsohuwar sandar da aka buga wa janareto ita kaɗai a bayan gida mun haɗa ta da sauran, don sanduna biyu da ba su san juna ba suna iya zama a bolt daban-daban lokacin tsawa.

Maɓallin gwaji da ke jikin RCD na'urar kawai yake gwadawa, zai faɗi ko babu atin a gidan sam. Shi ya sa muka bi soket-soket da na'urar gwaji: a miliampiya 30 dole ta yanke kafin milisakan 300, a 150 kuma kafin 40. A kan wutar NEPA komai ya wuce. Da muka juya kan inbata sai RCD ta yi gum. Inbatar ba ta haɗa nutural ɗinta da atin idan tana kan batir, don haka wutar da ta zube ba ta da hanyar komawa. Muka sa rile, makunni mai aiki da kansa, da ke haɗa su sai lokacin da wutar waje ta ɗauke kawai, ya sake su in ta dawo. Muka maimaita gwajin a kan janareto ta canji-oba mai yanke layif da nutural tare.

A cikin murfin dibi na rubuta om 45 da watan da aka auna, na nuna wa babban ɗan gidan maɓallin da zai riƙa dannawa duk bayan wata uku. Awon sanda kuma a sake shi a Maris ko Afrilu, kafin ruwan farko, lokacin da ƙasa ta fi bushewa. In ya doshi om 200 a tona a duba kilam ɗin tukuna.