Dillaliyar da ta koya mini bincike

Shekara uku ke nan ina fama da rubutun wani littafi. Ni malamar tarihi ce a wata makarantar sakandare a nan Tahoua, rubutun kuwa sai dare nake yin sa, bayan na gama gyaran takardun ɗalibai. Labarin bincike ne, kuma na aza shi a shekarar 1946, lokacin da sojojin da Faransa ta ɗiba zuwa yaƙin duniya na biyu suke dawowa gida. An tsinci gawar wani tsohon soja a bayan gari, mace ce kuma za ta gano wanda ya kashe shi.

Na zaɓi wannan shekara ne don ita na fi son koyarwa a aji. A farkonta aka soke dokar da ta ba kwamanda, wato Bafaranshen da ke mulkin yanki, ikon ɗaure talaka na kwanaki ba tare da shari'a ba. Ranar 11 ga Afrilu aka zartar da dokar Houphouët-Boigny wadda ta haramta aikin dole, a watan Mayu kuma aka kafa jam'iyyar siyasa ta PPN (Parti Progressiste Nigérien) a Yamai. A takarda duniya ta sake. A ƙauye kuwa gardi, dogarin kwamanda, na nan da bulalarsa, mutane ba su gama yarda cewa an daina kamun aiki ba. Ga sojoji sun dawo da labarin abin da ya faru a Thiaroye kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, inda aka buɗe wa ƴan uwansu wuta don sun nemi kuɗinsu.

Rubutuna na farko ya kai shafi ɗari da wani abu. Jarumar ta yi lakwal, tana jin Faransanci, takan shiga ofishin kwamanda ta nemi a buɗe mata rajista, ta tsayar da maza ta jera musu tambayoyi. Da hutun damina na tafi Yamai na yi mako biyu a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, ina karanta rahotannin da kwamandoji ke aikawa. Na ga lissafin haraji, na ga farashin hatsi, na ga rigimar sarauta. A duk abin da ya biyo ta hannuna, matan Adar, wato yankinmu na Tahoua, ba su bayyana ba sai a ƙidaya, ko in wata ta kai ƙarar aure. Na dawo da littafin rubutu cike, amma raina bai kwanta ba.

Wadda ta warware mini ita ce gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta haura tamanin da biyar. Ina karanta mata wani babi da yamma tana ɓarar gyaɗa a faifai. Da na kai inda jarumar ta tambayi uwar mamacin sunan ɗanta, sai ta ajiye faifan.

"Tsaya, ɗiyata. Ɗan farinta ne?"

Na ce, "I, Gwaggo."

"To wace uwa ce za ta kama sunan ɗan fari a gaban baƙuwa? Ita kuma wannan mai tambaya, ɗiyar wa ce da za ta taka bariki ita kaɗai? Kafin ta dawo gida an gama da aurenta."

Na san alkunya mana, a cikinta na tashi. Amma da na zauna rubutu sai na manta da ita, na ɗauko irin mai binciken da nake gani a fina-finan waje na ɗaura mata zane. Wannan ne abin da ya fi yi mini ciwo a aikin gaba ɗaya, domin kullum ina faɗa wa ɗalibaina kada su auna mutanen da da ma'aunin yau.

Na tambaye ta, to wace mace ce za ta iya sanin sirrin gari a wancan zamani? Ba ta yi dogon tunani ba ta ce dillaliya. Ita ce ke shiga gidan da aka ce ba a shiga, da ƙullin kaya a ka. Ta san wadda ta sayar da tasar aurenta a ɓoye, ta san gidan da kuɗi ya shigo kwatsam. A shekarun yaƙi tufafi sun yi wuya ƙwarai, kuma daga 1940 zuwa 1942, sa'ad da Afirka ta Yamma ta Faransa ke hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai haɗa kai da Jamus, an tsananta tsaro a iyaka da Najeriya. Duk turmin atamfar da ya ƙetaro daga Sakkwato ta wajen Konni yana da labarinsa, dillaliya kuwa ta san wanda ya kawo da wadda ta saya.

Na yaga rabin littafin na sake. Jarumar ta zama bazawara mai dillanci, ba ta karatu, ba ta da iznin tambayar kowa. Nan aikin ya yi wuya, nan kuma ya yi daɗi. Ba za ta ce "ina kike daren Talata?" ba. Sai dai ta zauna a tabarma, a gaisa, a tambayi gajiya da ruwa da yara, ta baje kayanta, ta jira. Ta lura cewa matar mamacin tana takaba amma idonta a bushe yake, wata tsohuwar baiwa a can ƙarshen gida kuwa ta kasa cin abinci. Shafi huɗu na ɓata a kan wannan zama, ba a ambaci kisa ko sau ɗaya ba.

Daga nan ne asirin labarin ya fito. A zamanin ɗibar soja, ba kowane lokaci ne wanda aka rubuta sunansa yake tafiya ba. Mai hali yakan tura ɗan talaka ko ɗan bawa a madadin ɗansa. To in yaƙi ya ƙare, takardar soja na ɗauke da suna ɗaya, raunin harsashi na jikin wani, wa zai karɓi kuɗin? Rajistar kwamanda ba za ta nuna wannan ba, don ita sunan kawai ta sani. Amma matar da ta ga gawar kafin a rufe ta ta ga tsagen fuskarsa, ta san ba na gidan da ke zaman makoki ba ne.

Abin ya shiga har cikin ajina. Yanzu idan na zo darasin 1946, nakan rubuta dokokin a allo da ranakunsu, sannan in aiki kowane ɗalibi wurin tsohuwar gidansu, in gargaɗe su kada su tafi da jerin tambayoyi. Su kai goro, su zauna, su taya ta aikin da ke hannunta. Wata yarinya ta dawo da waƙar daka da kakarta ta gada, ta matar da aka kama mijinta aikin hanya. Baiti uku kawai tsohuwar ta tuna.

Littafin bai ƙare ba, saura babi biyu. Har yanzu ina neman yadda dillaliyar za ta bayyana gaskiya, tunda ba ta da kotun da za ta kai ta, kuma gidan da ya yi laifin yana cikin masu sayen kayanta. Gwaggo ta ce in bari sai Juma'a, in zo da babin in karanta mata.