Wai shekara nawa ake ɗauka kafin a zama kyaftin ɗin jirgin sama?

Yaran nan masu gama sakandare suna yawan tambayata zancen tuƙin jirgi, kowa so yake a ce masa shekara biyu ka gama ka sa farar riga. Eh, makarantar kam za a iya gamawa a shekara biyu, amma fa makarantar ita ce mai sauƙin.

Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wato NCAT, tun 1964 take nan, akwai kuma ta Ilorin, masu hali kuma su tura ɗansu Afirka ta Kudu ko Amurka. Kafin komai sai likita ya duba ka, ido, kunne, zuciya, in ka faɗi a nan to kar ma Baba ya sayar da filinsa. Lasisin farko PPL awa 40 ne a sama mafi ƙaranci, ba a aikin kuɗi da shi. Sai CPL, lasisin da ake aikin kuɗi da shi, wajen awa 200, da koyon tuƙi da na'urori kawai ba ka ganin ƙasa, da jirgi mai inji biyu. A takarda abin gwanin tsari, amma a Arewa hazo ya sauko a Disamba jirage su kwanta, damina ta zo da nata, jirgi ya lalace a jira kayan gyara daga waje, shekara biyun nan sai ka ga ta miƙe.

To ka fito da awa 200 ɗinka, nan ne wahalar take wallahi. Kamfani zai ce kana da ƙwarewa a kan samfurin jirginmu, Boeing 737 ko Embraer? Wannan wani kwas ne daban, da dala ake biya, dubban daloli, kuma kana zaune a gida lasisin naka bai zauna ba, takardar likita tana ƙarewa, sai ka sabunta da kuɗinka. Lokacin Kwankwaso Kano ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi, sun dawo da lasisi, amma samun kujerar dama, wato ta mataimakin kyaftin, ya zama wani dogon jira ga da yawansu. Kamar ka saya wa yaro doki ne babu sirdi.

In Allah ya sa ka samu shiga, mataimaki ne kai, kana tara awa har 1500 kafin babban lasisin ATPL, wajen shekara biyu zuwa uku in kamfanin na tashi sosai. Amurka ma tun 2013, bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan na 2009, galibi sai da awa 1500 ɗin nan za su ɗauke ka mataimaki, shi ya sa yaransu ke fara koyarwa a makarantun tuƙi. Kujerar hagu kuwa, wato ta kyaftin, sai wani ya yi ritaya a 65 ko kamfani ya ƙaro jirage, don haka mai lissafi ya ɗauka shekara 8 zuwa 10 daga ranar da ya fara, kuma kuɗin kwas na biyun nan ya tanade shi tun kafin ya cike fom.